Lalas a Ƙofar Kumandan

Zamanin Faransawa, ni ne na farko a danginmu da ya sayar da raƙuma ya sayi kamiyo, wato babbar motar kaya. Na kai ta biro, wato ofishin kumandan, a Agadas don a ba ni lamba da takarda. Tafinta ya ce, "Malam, ina shaidar cewa taka ce?"

Na yi murmushi. Ni za a koya wa shaida? Tun ina yaro nake yi wa raƙuman babana lalas, ina buga musu shaida a cinya da ƙarfe mai zafi.

Na sa maƙerin gidanmu ya hura wuta nan ƙofar biro. Ya ce, "Maigida, wannan dabba ba ta da cinya."

Na ce, "Kai dai miƙo ƙarfen."

Jikin motar ya ƙi karɓa, sai na zaɓi tayar baya, na yi bisimilla, na danna.

Da ta fashe, masu gadi suka zube ƙasa, tafinta ya fita ta taga, rawanina ya faɗa wuta. Kumandan ya ƙi sa hannu har sabuwar taya ta iso daga Damagaram, bayan damina.

Har yau, in taya ta fashe a tasha, sai direbobi su dube ni su ce, "Alhaji ya shaida wata!"