Ramin Injiniya Motaleb

Allah ya yi wa ƙauyenmu baiwa da Motaleb Talukdar. Ya yi shekaru yana gadin ƙofa a wurin wani babban gini a Maskat, ya dawo da hular kwano da sunan Injiniya. Ilimin ta ƙofar ya riƙa wucewa, shi kuwa yana tsaye a wurin.

Ƙanwar mahaifiyarsa, Khala Rowshan, ba ta barci idan watan Boishakh, lokacin guguwa a wurinmu, ya kama, tun shekarar da guguwa ta ɗauke mata rufin kwano da miji rana ɗaya. Ko ganyen ayaba ya motsa sai ta hau salati. Injiniya ya ce wannan ƙaramin aiki ne.

Mu nan tun kakanni sai mun tara tudu muke kafa ɗaki a kai, saboda ambaliyar kogin Jamuna. Injiniya ya ce jahilci ne. Ya sa aka haƙa rami a bayan gidanta, aka shafe da siminti. Yara suka raɗa wa Injiniya suna Gafiya, ya ɗauka wani muƙami ne.

Ranar buɗewa aka raba shayi, ya hau kujera. "Jama'a, iska a sama take. Mai hankali sai ya bar mata saman. Abin da na gano ke nan, kuma ban ga wanda ya riga ni ba."

Khala ta leƙa ramin ta ce, "Motaleb, ina ne alƙibla? Tunda binne ni za ka yi, a kwantar da ni daidai."

"Khala, kimiyya ce."

Ta shiga dai, domin tsoronta na gaske ne.

Guguwa ba ta zo ba a bana. Ruwa ne ya zo, ta ƙasa, ba sallama. Da hantsi muka same ta cikin ramin, tsaye a kan gado rungume da akuya, tarwada tana kewaya tukunyar shinkafa.

Injiniya ya sauko daga benensa, ya tattare zanin da mazanmu ke ɗaurawa don kada ya jiƙe.

"Ku faɗi gaskiya, iska ta taɓa ta?"

Ba ta taɓa ta ba, wannan kam. Da can Khala sama kaɗai take tsoro. Yanzu idan hadari ya haɗo, takan dubi sama, ta dubi ƙasa, ta tsaya a bakin ƙofa da akuyarta har a ɗauke.