Totuwar da Ta Hana Ni Zama Heluma

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe famfon sababbin gidaje a Gaya ba. Zamanin En'e ne, an gina wa ma'aikata gidaje a bayan gari, aka turo ni daga Kano in ja musu ruwa daga tanki. (Wata uku kacal na yi ina riƙe wa wani mai gyaran famfo sifana, amma a Gaya har "Injiniya" nake amsawa.) Malam Garba, shugaban aikin, ya ce in ruwa ya zo lafiya ranar buɗewa, ni ne heluman leburori. Wallahi na ƙwallafa rai.

Kullum in za mu tashi, sai in toshe bakin bututu da totuwar masara don kada ƙadangare ya shige, da safe in cire. To ranar ƙarshe wani mutumin Ajingi ya tsaya yana yaba gwanintata, ni kuwa na saki baki ina ta zuba, har na ɗaura kan famfo totuwa na ciki.

Ranar buɗewa ga hakimi, ga Bature Di'o, ga mata sun jera tuluna, ga ni fes cikin farar riga. Di'o ya murɗa famfo. Ko ɗigo.

Hakimi ya dube ni. "Injiniya, lafiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga nesa yake tahowa, sai a hankali."

Aka jira, aka gaji. Zufa ta karyo mini. Na tsuguna na kwance kan famfon, kuma (don ƙarin basira) na kanga ido a bakin bututun. Totuwa ta fito fit ta daki goshina, ruwa ya biyo ta ya shimfiɗe ni a taɓo.

Di'o ya ɗauki totuwar yana jujjuyawa, ya sa tafinta ya tambaye ni ko tana cikin kayan aikin da aka aiko daga Kano. Kafin in buɗe baki wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, in da sauran masarar a ciki, fito mana da ita." Har hakimi sai da ya rufe baki da hannun riga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ruwa dai ya zo, heluma kuwa wani aka ba, na koma ƙarƙashinsa ina haƙa rami. Tun daga ranar, in aka fara yabona ina aiki, ajiye sifanar nake in saurara da kyau, sai an gama in ɗauka. Yabon dai har yau ban iya ƙinsa ba.