Rasuwar Gwaggo, Firizar Ɗakin Gwaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma neman afuwa, don mai wannan rubutu ƙaramar ɗaliba ce da ba ta taɓa rubuta komai ba sai sunan kwalba, ake sanar da rasuwar Gwaggo, babbar firizar ɗakin gwajin da sassa uku ke tarayya a kansa. Ta cika ranar Asabar, ba kowa a kanta.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa korar kowa ba. Ta riƙe lakar kogi, da jinin kifi, da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, har da ledar naman Malam mai kula da na'urori. Kowa ya cusa nasa sai ya rubuta kada a taɓa, shi ya sa ba a taɓa kwashe ta an kankare mata ƙanƙara ba. Ƙanƙara ta yi ta kumbura har ƙofa ta ƙi rufuwa. Aka tokare ta da kujera, aka ce ta warke.

Jinyarta ba a ɓoye ta yi ba. Gurnaninta na lafiya, "hummm", ya koma "kar-kar-kar", daga nan ta shiga kira, "tii, tii, tii". Dakta, shugaban ɗaya daga cikin sassan, ya ce gyaranta aikin sashen Farfesa ne. Farfesa ya ce ba shi ya kawo ta ba. A ƙarshe aka haɗa kai, karon farko a tarihin ɗakin, aka danna maɓallin kashe ƙarar.

Da aka iske ta ranar Litinin da ɗan sauran sanyi a jikinta, sai aka ceci kaya bisa girman masu su. Ƙaramar firizar maƙwabta ta karɓi akwatunan Farfesa, sai na Dakta, sai naman Malam. Wuri ya ƙare a kan Yaya, babbar ɗalibar da ta yi shekaru tana shiga kogin bayan masana'antar rini, tana ɗebo laka don ta nuna yadda guba ta canza halittun cikinta. Ta tsaya rungume da akwatinta, ruwa na ɗiga mata a takalmi. Bara aka cike kogin aka yi gini a kai, babu inda za ta koma ɗiba. Farfesa ya yi mata ta'aziyya ƙwarai, ya ce ai da sauran ƙuruciyarta, ta sake sabon aiki.

Gwaggo ta bar kujera ɗaya, da wari mai yawa, da ƙaramar firizar da ita ma ta fara tari.

Za a fitar da gawa ranar Alhamis da hantsi ta ƙofar baya. An ɗora wa Yaya wankan gawa, tunda ita ce yanzu ba ta da abin yi. Ta zo da bokitinta.

Mai sanarwa ba za ta samu halarta ba, kuma tana roƙon wanda ya gane rubutunta ya rufa mata asiri, don ita ma Farfesa ne ke duba aikinta. Ta liƙa wannan a ƙofa ana can wajen shan shayi, ta sulale.