Sun Karrama Marigayi, Mun Rasa Famfo

Jiya da safe uwar 'ya'yana ta miƙo min bokiti biyu, ta ce in mai gida na son wanka, ƙafarsa ta san hanya. Na isa bakin famfon unguwa, sai na tarar da rumfuna, da kujeru jere, da wani mai kaki da ya ce in koma, yau ranar tunawa da tsohon shugabanmu ce, Allah Ya jiƙansa.

Wannan famfo kuwa, jama'a, Marigayi ne ya kafa shi tun ina yawo ba wando. Surukata, Inna, tana wurin ranar. Kullum labarinta ɗaya ne: da mota ɗaya ya zo, ba jiniya, ya naɗe hannun riga ya buga famfon da kansa har takalminsa ya jiƙe, ya tara hannu ya sha. Haka ya yi ta yi gari gari, makaranta nan, asibiti can. Da ya sauka daga mulki ma, in ji ta, layi yake bi a asibiti kamar kowa. Famfon nan ya ga gwamnatoci sun zo sun wuce, yana tari yana kuka, amma bai taɓa hana mu ruwa ba.

To, sai ga Mai Girma Sarkin Almakashi, gwanin yanka ƙyallen buɗe aiki, da ayarinsa, motoci har sun toshe layi. Ya yi jawabi a kan sauƙin kan Marigayi, mutum biyu na yi masa fifita, na uku na riƙe da lema. Ya ce su ne magada. Ya share hawaye da kyau, sai da mai hoto ya ce a sake.

Daga nan aka sanar cewa tsohon famfo ya zama kayan tarihi, an cire shi da daraja za a kai gidan adana. Aka yaye ƙyalle, ga sabo fil yana walƙiya, da allo ɗauke da sunan Mai Girma ɓaro-ɓaro, na Marigayi a ƙasa kamar sawun tururuwa. Aka murɗa, ruwa ya feso. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba.

Maƙwabcina tela ne ya taɓo ni, ya nuna min wata tankar ruwa a bayan rumfa, da tiyo ya bi ta ƙarƙashin darduma.

"Ai da kyau," na ce, "ko tankar ma ci gaba ne."

"Tare suka zo, malam," in ji shi, "tare za su koma."

Haka kuwa aka yi. Kafin a gama naɗe darduma, famfo ya yi shiru. Garin neman gira an rasa ido. Na koma gida da bokitina biyu a bushe, uwar 'ya'yana ta tambaya ko jawabin zan yi wanka da shi.

Inna dai, yau ta sa na raka ta gidan adana, ta tsaya gaban famfonta a cikin gilashi ta gaishe shi, ta yi wa mai shi addu'a. Mai gadi ya ce kada a taɓa. Ta ce masa, "Ɗana, wannan da taɓawa ya rayu."

Na ji an ce wata mai zuwa za a karrama Marigayi a asibitin da ya gina a unguwar gaba. Mutanen can, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai kada ku zo nema wurinmu.