Yadda Manya Suka Shanye Shaidar Ache

Jama'a, makon jiya na ɗauki ƙwaryata na nufi rumfar Ache mai kindirmo, sai na tarar an ɗaure rumfar da jar igiya, ita kuwa tana zaune a gindin darbejiya ta yi tagumi.

"Ache, wa ya rasu?"

"Sana'ata ce, Iya."

Abin da ya faru shi ne, an yi suna a unguwarmu nan Garwa, aka ci kaji, aka ci salak, aka sha nonon Ache. Kashegari rabin unguwa na layin bayan gida, yara biyu har asibiti. Masu kaji da salak suna da 'yan uwa a ofis. Ache kuwa daga ita sai ƙwaryarta, don haka rumfarta aka rufe.

To, akwai Madam Colette, ma'aikaciyar labo, wato ɗakin gwajin cututtuka, mace mai kirki. Ita ta kwantar mata da hankali. Ta ce an kawo sabuwar na'ura mai karanta asalin ƙwayar cuta kaf, kamar yadda maroƙi ke jero kakannin mutum. An riga an ɗebi ƙwayar da ke cikin marasa lafiya. In aka samu ƙwaya a nonon, kuma 'yar gidan waccan ce, Ache ta yi laifi. In baƙuwa ce, ko babu ita sam, a buɗe rumfa. Abin da ake so kawai, ta kawo ragowar nonon ranar suna.

Ku da kuka san Ache, kun san ba za ta shiga gaban manya da nono a 'yar kwalba kamar mai rowa ba. Ta juye shi a ƙwarya mai zane, ta dama fura, ta zuba sukari, ta rufe da sabon faifai, ta hau moto, wato babur ɗin haya, sai labo.

Ashe ranar ce ake bikin ƙaddamar da na'urar. Rumfuna, kujeru, makaɗa, ga Masu Girma Iyayen Tumbi a jere. Mesiye Blaise, mai tsara zaman manya, yana ganin ƙwarya ya washe baki.

"Mama, kyautar matan kasuwa ce? Kawo, kawo!"

"Ranka ya daɗe, na bincike ne."

"Za su bincika, Mama, kada ki damu."

Suka kuwa bincika. Ludayi ya zaga teburi har sau biyu. Wani ma a jawabinsa ya yaba wa abincin gargajiya, aka tafa. Kafin Colette ta iso da safar hannu da 'yar kwalbarta, an suɗe ƙwarya tas, har direba ya ɗauraye ta.

Allah ya saka wa shugabanninmu. A wace ƙasa manya ke gwada guba da cikinsu saboda talaka?

Colette ta ce saura hanya ɗaya: duk wanda cikinsa ya ruɗe a cikinsu, ya ba da abin da ya fito, na'ura ta karanta. Mesiye Blaise ya kusa suma.

"Madam, kin san wa kike magana a kansa? A kwalba?"

Gari ya zuba ido. Maƙwabcina Ghislain, mai gyaran babur, ya rantse ya ga wata baƙar mota ta ci birki a bakin gonar dawa kan hanyar Ngawundere, babbar riga ta fito da gudu. Amma a hukumance an ce ranka-ya-daɗe ya sauka duba amfanin gona ne. Da yamma sanarwa ta fito: babu babban da ya yi ciwon ciki, saboda haka nonon Ache lafiyayye ne, a kwance igiya.

Na je yi mata barka jiya, na same ta ba fara'a.

"Iya, an buɗe min, amma har yanzu ban sani ba ko ni na kwantar da yaran nan."

Yanzu sai ta tafasa madara sosai kafin ta kwantar da kindirmo, kuma da ƙafarta ta kai wa Colette na sabuwar kwanciya, a kwalba, ta ƙofar baya. Sakamako sai an dawo da wutar labo, don an ja wayar zuwa wurin taro ranar biki, ba a mayar ba tukuna.

Ni dai na sayi nonon, don Ache tawa ce. Na kuma aika wa Ghislain kofi guda daga ciki. In na ji shi yana buga guduma har azahar, sai in sha nawa.