Kafar Bayan Giyayya

A wani daji akwai kogin da agwagin ruwa suka saba iyo a cikinsa tun kaka da kakanni, ba don kifi ba, don nishaɗi kawai. Rana ɗaya Dorina ta ce tunda gaɓa tata ce, ruwan ma nata ne. Ta sa aka toshe kowace mashiga da ƙaya.

Saura wata 'yar kafa a bayan bishiyar giyayya, wadda ba ta sani ba. Ta nan tsohuwar Dinya, babbar agwagin, ke lallaɓawa da hantsi, don iyon nan kaɗai ke sassauta mata ciwon gwiwa.

A lokacin gizo-gizo ya saƙa yanar da ta game dajin, in aka taɓa zare a gabas sai a ji a yamma. Agwagi suka kira taro. Wata agwagwa, Kirinjijiya, uwar zance, ta miƙe ta ce, "'Yan'uwa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mu kai kukanmu kan yana. Mu gaya wa duniya ba mu karaya ba, ga Inna Dinya kullum tana shiga ta bayan giyayya!"

Dinya ta ce, "'Yar nan, ku yi kukanku, ina bayanku. Amma ku bar mini kafata. Baki shi ke yanka wuya."

"Haba Inna, ai ke ce hujjarmu!"

Aka saki labari. Tabɗi! Zare ya yi ta rawa. Birai suka girgiza, kurciyoyi suka girgiza, har bushiya da ba ta taɓa jiƙa ƙafa ba ta rantse da ita za a yi. Aka sa Asabar kowa ya fito bakin kogi.

Ran Asabar agwagi bakwai suka zo. Sauran suka aiko daga kan rassa cewa suna tare da su. Abin takaicin, ba wanda ya tuna Dorina ma tana da kunne a jikin zaren. Suka tarar da kafar an cushe ta da ƙaya, ita kuma tana kwance tana hamma. Ta ce, "Na gode da tuni."

Wallahi Dinya ta ba ni tausayi. Kafin kaka gwiwar ta sandare, sai dai ta zauna a tudu tana kallon ruwa. Kirinjijiya ta zo gaishe ta, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Amma fa labarinki ya kai dawa bakwai, kowa ya ji zafi."

Dinya ta ce, "Allah sarki. Ki gaishe su."

Har yau yanar tana girgiza, kogin kuwa ko motsi.