Kifin da Ya Fara Shiga

A wani gari da ake kira Wadatau, inda famfo ya shekara bakwai bai ɗiga ba, akwai wani ma'aikacin gwamnati mai suna Jatau. Shi ne Jami'in Kula da Kifi na garin gaba ɗaya, kuma aikin bai taɓa sa shi gumi ba, domin kogin Wadatau ya ƙafe tun yana makarantar koyon kiwon kifi. Kullum zai je ofis, ya kaɗe ƙurar teburinsa, ya karanta tsofaffin littattafansa, ya koma gida Unguwar Masunta, inda masuntan suka daɗe da komawa sayar da itace. Abin tinƙahon unguwar ɗaya ne tak, rijiyar burtsatse mai ruwan daɗi. Da ruwanta matar Jatau, Kuluwa, take dama kokon da take sayarwa da safe.

Mai mulkin garin shi ne Mai Girma Jagora Barmo, wanda ya karɓi kujera riƙon ƙwarya na wata shida, shekara goma sha tara da suka wuce. A tsawon wannan wata shidan ya yi mataimaka tara, kowannensu ya ajiye aiki don raɗin kansa. Wata shekara Jagora ya tafi ƙasar waje taron samar wa talakawa ruwan sha. A otal ɗin da aka sauke shi ya ga wani akwatin gilashi cike da ruwan teku, ga duwatsun murjani masu rai, ga kifaye launi-launi suna ta kai da kawo. Ya dawo gida bai riƙe komai daga taron ba sai akwatin nan.

Ba a yi wata biyu ba aka kafa irinsa a zauren Gidan Kowa, fadar gwamnati da ba kowa ke shiga ba. Tsawonsa ya kai na motar bas. Tsakanin Wadatau da teku tafiyar kwana uku ce a mota, don haka sai an haɗa ruwan da hannu, a tace shi a zuba masa gishirin da aka yo odarsa. Injin tacewar kuma shagwaɓaɓɓe ne, in ya ba ka bokiti ɗaya sai ya zubar da huɗu, waɗanda aka juya su ga ciyawar fada. Da aka gwada ruwan garin, na Unguwar Masunta kaɗai injin ya yarda da shi.

Sai aka yi shela a rediyo cewa gwamnati ta ari rijiyar Unguwar Masunta. Za a saka kifi goma sha biyu a akwatin, ɗaya da sunan kowace unguwa, kuma ranar da na goma sha biyun ya shiga za a mayar wa masu rijiya abarsu.

"Malam, aro suka ce?" in ji Kuluwa.

"Aro ne. A rubuce ma yake."

"Irin aron da ya yi wa kujera?"

Jatau ya ce ta rage murya. Tun daga ranar Kuluwa ta koma ɗebo ruwa a wata tsohuwar rijiya bayan maƙabarta, sawu huɗu kafin hantsi, wuyanta kuma ya fara ciwo. Jatau yana ganin haka ya yi wa kansa alkawari, kifayen nan goma sha biyu sai sun shiga sun zauna lafiya, ko da a nan iliminsa zai ƙare. Karon farko ke nan da garin ya buƙaci abin da ya karanta, kuma, a faɗi gaskiya, abin ya ɗan yi masa daɗi.

Ya bayyana wa fada cewa ruwa sabon haɗi yana kashe kifi, sai an bar shi sati shida ya kwanta. Aka bari. A cikin sati shidan an ƙaddamar da akwatin sau biyu, an yanka kintinkiri, an kawo shugabannin unguwanni sun yi layi suna kallon ruwa zalla. Wani tsoho ya yi ƙwalla, ya ce rabonsa da ganin ruwa mai yawa haka wuri ɗaya tun yana saurayi. Rediyo ta ce kukan farin ciki ne.

Ranar zaɓen kifin farko, Majalisar Haka-Ne ta zauna, Jagora na tsakiya. Ɗan kwangilar kifin, Alhaji Ilu Ba-Asara na Kasuwar Sai-Haƙuri, ya jera robobi goma sha biyu a kan tebur, kowacce da kifinta. Aka ba Jatau izinin magana.

"Ranka ya daɗe," ya ce, yana nuna wani ɗan kifi ruwan lemo mai zanen fari, bai fi ɗan yatsa ba, "wannan za a fara sakawa. Yana da juriya, ba ya faɗa, ba ya taɓa murjani, abin da aka ba shi shi yake ci. In ya zauna sati biyu lafiya, a ƙara wani mai sanyin hali irinsa. Mafaɗata su ne ƙarshe. Dalili kuwa, kifin da ya fara shiga yakan ɗauka akwatin duka gidan ubansa ne. In mai haƙuri ne, zai kama lungu ɗaya ya bar wa na baya sauran. In mai haɗama ne, duk wanda ya zo bayansa baƙo ne, ko kuma abinci."

"Wancan fa?" in ji Jagora. Idonsa na kan wani farin kifi mai ɗigon baƙi, yana tafiya a hankali kamar mai sabuwar babbar riga.

Alhaji Ilu ya yi wuf. "Ido ke nan, ranka ya daɗe! Damisar Teku. Shi aka ware wa Unguwar Manya. Dubi tafiya, dubi kwarjini."

"A dubi bakinsa," in ji Jatau. "Yau bai fi tafin hannu ba, amma zai kai tsawon kamu guda, kuma duk abin da ya shiga bakin nan ya tafi. Ni da za a ji tawa, ko na ƙarshe ma kada a saka shi."

Sai Sarkin Tsari ya miƙe. Shi ne mai kula da wanda zai riga wani a Wadatau, kuma garin ba ya wasa da wannan. A nan babba ke fara shiga mota, ya fara sa hannu a akushi, ya fara tsallaka kwata. An taɓa yin gobara a sakatariya, ma'aikata suka tsaya cikin hayaƙi suna jiran darakta ya gama neman hularsa ya fara fita.

"Allah ya ja zamanin Jagora," ya ce. "Shekarata talatin a aikin nan, ban taɓa ganin inda ƙarami ya riga babba shiga zaure ba. Yau ɗan kifin Unguwar Masunta ya shiga ya zaɓi wuri, na Unguwar Manya ya zo daga baya yana neman inda zai raɓa? Gobe kuma sai me? Masinja ya riga kwamishina zama?"

"Haka ne!" in ji majalisa.

"Ranka ya daɗe, kifi bai san tsari ba," in ji Jatau.

"Zai koya," in ji Jagora. "Kowa a garin nan da koyo ya iya."

Aka saka Damisa da kiɗa da jawabi. Ya zagaya akwatin sau ɗaya, ya leƙa kowane rami, ya zauna a babban kogon tsakiya. Jatau ya koma gida, bai iya haɗa ido da Kuluwa ba.

Daga nan aka bi tsari, daga babba zuwa ƙarami, duk sati biyu kifi ɗaya. Na Unguwar 'Yan Kwangila ya yi kwana tara yana ɓuya bayan dutse da yagaggen wutsiya, sannan aka neme shi aka rasa. Majalisa ta ce ya ajiye aiki don raɗin kansa. Na Unguwar Malamai ya yi kwana huɗu, aka ce ya tafi ƙaro ilimi. Na Unguwar Maƙera, sanarwa ta ce dama bai iya zama da jama'a ba. Aka kafa Kwamitin Binciken Halayen Sababbin Kifaye, ya zauna sau bakwai, ya gano cewa kifayen yanzu ba su da tarbiyya. Jatau ya gwada duk dabarar da ke cikin littafi. Ya ƙosar da Damisa kafin a saka baƙo, ya ƙara duwatsun ɓuya, ya roƙi a raba akwatin da raga, Sarkin Tsari ya ce ba a yi wa babba shinge a gidansa. Damisa dai sai ƙiba yake yi.

Na ƙarshe shi ne ɗan ruwan lemon nan na Unguwar Masunta, wanda Jatau ya yi wata biyar yana reno a ofishinsa. Da hannunsa ya sake shi a ruwan. Ɗan kifin ya yi iyo kamu biyu, cikin fara'a. Mai jawabin maraba bai kai ga ambaton manyan baƙi ba Damisa ya gama da shi.

Baƙin ciki ya sa Jatau ya manta da tsoro.

"Ranka ya daɗe, ko kifi ɗari za a kawo, haka za su ƙare. Laifin ba na masu zuwa ba ne. Magani ɗaya ne, a fitar da wanda ya fara shiga, tunda ya daɗe har ya ɗauka wurin nasa ne, a sauya wa duwatsun zama, a sake sabon lale da masu haƙuri."

'Yan majalisa kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Jagora ya daɗe yana duban Jatau.

"Kifi kake nufi?"

"Kifi, ranka ya daɗe."

Sarkin Tsari ne ya ceci zaman. Ya ce shi bai ga abin damuwa ba. An yi alkawarin kifi goma sha biyu za su shiga, sun shiga, kuma ba wanda ya ga ɗayansu ya fito. Abin da gwamnati ta shekara goma sha tara tana nema ke nan, unguwannin Wadatau duka sun haɗu sun zama jiki ɗaya, ba gardama, ba ɓangaranci. Majalisa ta miƙe tsaye ta ce haka ne. Aka ayyana ranar a matsayin Ranar Haɗin Kai, da hutu.

Jatau ya haɗiye abin da ke ransa, ya ce to, tunda alkawari ya cika, rijiyar fa?

"Tana nan, ba wanda ya ɗauke ta," in ji Jagora. "Amma kai masani ne, dubi Damisa, bawan Allah. Ko juyawa ba ya iya yi sosai. Haɗin kan gari guda a matse? Za a kawo akwati ninki biyu. Rijiya ɗaya ba za ta isa ba, za a ara ta Unguwar Maƙera a haɗa. Da kifi goma sha biyu sun shiga sabon, kowa ya karɓi abarsa." Ya miƙa masa 'yar komar kamun kifi, aka yi tafi, domin an ɗaga shi zuwa Babban Darakta. "Sai ka fara nazarin wanda za mu fara sakawa."

Labarin ya riga shi isa unguwa ta rediyo. Ya tarar da mata a gindin busasshen famfo, sun jera jarkoki tun safe saboda an ce yau ce ranar kifi na goma sha biyu, yanzu kowacce na janye nata. Kuluwa ta dubi komar da ke hannunsa. Wata mata da ta zo daga Unguwar Maƙera ta matso ta gaishe shi da ladabi.

"Malam, kai ne na ciki. Mu dai an ce mana aro ne, ba zai wuce wata shida ba. Haka ne?"

Kafin Jatau ya amsa, Kuluwa ta cire gammon da ke kanta, wanda ya sha ɗauka har ya baje, ta kaɗe shi, ta ɗora wa matar a hannu.

"Riƙe wannan, 'yar uwa, ni zan naɗa wani. Gobe ki biyo mini da sassafe in nuna miki hanyar bayan maƙabarta."